Kyamarar Kuroiwa da Koriyar Safa

Akwai wani dattijo a unguwarmu, can bayan tashar jirgin ƙasa, sunansa Kuroiwa. Kafin ya yi ritaya shi ne shugaban sashen sayayya a wani kamfanin yin firji. Aikin ya sake shi, halin aikin bai sake shi ba. Ko tsintsiya zai saya sai ya zaga kantuna ya gwada farashi, ya dawo gida ya yi wa matarsa bayanin da ba ta tambaya ba.

Matar, Fumie, ta zame a banɗaki farkon kaka ta karya ƙugu. Aka kwantar da ita a asibiti, likita ya ce ba ranar fita nan kusa.

Ciwon bai dame ta kamar yadda wani abu ya dame ta ba. Jikarsu Chinatsu, wadda ke zaune tare da su, tana aji shida, kuma an zaɓe ta cikin masu gudun miƙa sanda a ranar wasannin makaranta. Shekararta ta ƙarshe ke nan a firamare. Uban yarinyar kamfani ya tura shi wani gari mai nisa. Uwar kuma ƙungiyar iyaye ta ɗora mata tsaron wurin ajiye kekuna a ranar, ko filin ba za ta leƙa ba.

Fumie ta riƙe hannun rigar mijinta ta ce, "Tsoho, abu ɗaya nake roƙo. Ka kawo mini fuskar yarinyar nan tana gudu. Ba ƙeyarta ba, fuskarta."

Kuroiwa ya ce, "Shi ke nan? Har gumin hancinta za ki ƙirga."

Daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Duk wanda ya taɓa zuwa wasannin nan ya san yadda abin yake. Iyaye suna bayan igiya, yara suna can tsakiyar fili, kowa da farar riga, gajeren wando shuɗi, da hular nan mai fuska biyu, ja ko fara, gwargwadon ƙungiyar da yaro yake. Daga nesa kamar an zubar da wake a faranti. Wayar hannu ba ta kai wa can. Don haka Kuroiwa ya yanke shawarar sayen kyamara mai jawo nesa kusa.

A babban kantin kayan lantarki ya tarar da guda biyu, kuma nan bala'in ya fara.

Ɗaya baƙa ce ƙatuwa, mai nauyi kamar tukunyar shinkafa. Idan bakinta ya miƙe, har ramukan da ke jikin wata tana nunawa. Ɗayar ba ta kai ta jawowa ba, amma ba nauyi, kuma tana saurin kama abin da ke motsi.

Yau ya ce babbar. Gobe ya tashi ya ce ƙaramar. Jibi ya hau jirgi zuwa wani kanti a cikin birni don ya ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ya ɗauki wannan ya auna a hannu, ya ajiye, ya ɗauki waccan, ya fita har bakin ƙofa, ya dawo. Yaran kantin unguwa suka gane takunsa. Da sun hango shi, kowa sai ya tuna yana da aiki a sito.

A gida ba ya zama wuri ɗaya. Yana cin abinci waya na jingine da kwanon miya. Yana wanka yana magana shi kaɗai. Ko asibiti ya je, maimakon ya tambayi Fumie jiki, sai ya ja kujera ya hau karanta mata abin da mutanen intanet suka ce game da batir.

Wata rana da yamma Chinatsu ta shigo da gudu, ta yar da jaka.

"Kaka, bana farar ƙungiya aka sa ni! Kuma ba ruwan ɗorawar safa zan sa ba, kowa ya koyi dabarar. Koriya Kaka Fumie ta ce a sayo mini."

Dabarar da take nufi ta kakarta ce. Tun yarinyar tana aji ɗaya take sa mata safa ruwan ɗorawa ranar wasanni don su gane ta daga nesa, kuma duk shekarun nan a jar ƙungiya take faɗawa.

Kuroiwa bai ɗago ba. Ya ce, "To, to, madalla. Kauce, kin tare mini haske."

Bayan 'yan kwanaki ta sake faɗa masa. A ranar ma ta je an rage mata gashi har kunne, wai jelar gashin tana dukan wuyanta idan tana gudu. Ta tsaya a gabansa tana juya kai.

"Kaka, ba ka ga komai ba?"

"Na gani. Babbar ta fi, amma ƙaramar ta fi sauri."

Yarinyar ta juya ta shige ɗaki. Ku da kuke karantawa kun ji abin da ta faɗa. Shi da yake zaune kusa da ita bai ji ba.

Fumie tana da ƙane, Masaji, tsohon direban bas. Ba shi da jika, don haka Chinatsu ce tasa. Shi ya sayo koriyar safar, kuma shi ke raka ta bakin kogi da yamma tana gwada gudu, yana riƙe mata gorar ruwa. Ana gobe wasanni ya zo gidan, ya tarar Kuroiwa ya dawo da kwali. Babbar ya saya a ƙarshe.

Masaji ya zaga kwalin ya ce, "Yaya, yaƙi za mu je ne ban sani ba?"

"Kai me ka sani? Wannan daga nan sai ta ɗauko maka wata."

"To ai ba wata ne zai yi gudun ba."

Masaji ya zaro tasa daga aljihun riga, wata tsohuwar 'yar kyamara da fentinta ya goge. Kuroiwa ya yi dariya har da tari.

"Mayar da akwatin ashanar nan aljihu kafin maƙwabta su gani. Gobe ka tsaya nesa da ni, kada a ce tare muke."

"Na ji. Amma ka gwada ta yau, Yaya, ko a kan kyanwar gidan nan ce."

"Na karanta komai a kanta. Mutumin da ya saya wa kamfani injuna shekara da shekaru, shi za ka koya wa danna maɓalli?"

Washegari tun kafin yarinyar ta farka ya fice, don ya kama layi a ƙofar makaranta. Ya kuwa samu wuri a gaba, daidai tsakiya. Ya shimfiɗa tabarma amma bai zauna a kanta ba. Ya miƙe, ya tsuguna, ya goge gilashi, ya duba batir, ya harari wata mata da lemarta ta matso.

Tabaransa na karatu kuwa yana aljihu. Wai tabarau yana sa mutum ya yi kama da tsoho. Rana kuma ta haske allon kyamarar, sai inuwa-inuwa yake gani.

Da aka kusa gudun 'yan aji shida, Masaji ya kutso cikin jama'a ya taɓa shi.

"Yaya, taso mu koma kwanar can ta wajen bishiyar. Ta nan za ta bi, dab da igiya."

"Masu akwatin ashana su ne ke bin kwana. Ni daga nan zan jawo ta."

"To ka dai tuna safar..."

"Ni za ka tuna wa safa? Tun tana aji ɗaya nake zuwa filin nan. Tafi, kana girgiza mini hannu."

Masaji ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Aka buga bindigar tashi. Lasifika ta ɗauki kiɗa, iyaye suka ɗauki ihu. Kuroiwa ya miƙe bakin kyamara har ƙarshe. Sai ya ga sama. Ya sunkuyar, ya ga ƙasa. Ya karkata, ga kunnen wani malami ya cika allo. Idan ka jawo abu haka, numfashinka kaɗai ya isa ya jefa ka wata unguwa. Gumi ya karyo masa saboda nauyi.

Can sai ya kama ta. Jar hula, jelar gashi, safa ruwan ɗorawa.

Ya danne maɓalli bai saki ba. Ya bi ta ta karɓi sanda, ya bi ta ta miƙe, tana gaba da kowa. Yana ta faɗin, "Yawwa 'yar gidan Kuroiwa! Haka!"

A kwanar bishiya wani abu ya gifta ta gefen allo. Ya ɗago ido, ya hango wata mai farar hula da gajeren gashi ta wuce ta kamar iska. Farar ƙungiya ta ci. Kuroiwa ya buga ƙafa a ƙasa.

"Wannan wace irin yarinya ce kamar an koro ta? Ko kunya babu!"

Da yake wasannin rabin yini ne, yara suka koma aji. Bai jira kowa ba. Ya naɗe tabarma ya tari tasi zuwa asibiti.

Ya shiga ɗakin yana haki, ya ɗora wa Fumie kyamarar a cinya.

"Ga alkawari. An dai wuce ta a ƙarshe, wata mai kai kamar na namiji ce ta ɓata mana rana. Amma dubi hoto! Dubi gumin nan!"

Fumie ta sa tabaranta. Ta duba na farko, ta wuce, ta duba na gaba. Hotunan sun yi kyau, ba ƙarya. Har gashin ido ana gani.

Ta ce, "Tsoho, wannan 'yar waye?"

"Kamar yaya 'yar waye?"

"Sa tabaranka."

Ya sa. Ya daɗe yana kallo. Yarinya kyakkyawa, mai tabo a haɓa, wadda bai taɓa gani ba a rayuwarsa.

"Amma safar..."

"Koriya. Farar hula. An rage gashi. Ni da nake kwance a nan ban iya zuwa banɗaki da ƙafata na sani. Kai a wane gida kake kwana?"

Ta ci gaba da wuce hotunan, sai ta tsaya a kan ɗaya. A can gefe, inda hoton ya yanke, ga wata ƙafa guda a sama, a dushe saboda gudu, da koriyar safa.

"Ga jikarka nan. Fuska na roƙa, ka kawo mini ƙafa. Ita ce mai kan namijin da ta ɓata maka rana."

Kuroiwa ya nemi kujera ya zauna. Karo na farko ke nan tun farkon kaka da aka ga ya zauna bai motsa ba.

Ba a jima ba aka turo ƙofa. Chinatsu ce, ko kayan wasanni ba ta cire ba, Masaji na biye da ita. Ta ruga wajen kakanta.

"Kaka! Ka ga lokacin da na wuce ta? Ka ɗauka?"

Ya kalli Fumie ko za ta cece shi. Ta juyar da kai wajen taga. Ya kalli koriyar safar da ta yi butu-butu da ƙasa. Sannan ya ce, "Na ga an wuce. Ban san ke ce ba."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce a hankali, "Ai na faɗa maka. Har na sake faɗa."

Masaji ya zaro ambulan ya miƙa wa yayarsa. A hanya ya tsaya shagon kan kwana ya wanke hoto ɗaya. Hoton ya ɗan karkace, hannun da ke riƙe da sanda ya dushe, har hular wani uba ta shigo ta ƙasa. Amma ga Chinatsu nan sosai, baki a buɗe, ido a ware, daidai lokacin da kafaɗarta ta wuce ta mai jar hula.

Fumie ta manna hoton a ƙirji.

Kuroiwa ya miƙe ya tsaya a gaban ƙanen matarsa, ya sunkuya ƙasa sosai, irin sunkuyon da bai taɓa yi wa kowa ba sai manajan kamfani.

Masaji ya ce, "Ɗago, Yaya, kada kai ma ka karya ƙugu. Gado ɗaya ne a ɗakin."

Yanzu Fumie ta dawo gida da sanda. Hoton da akwatin ashana ya ɗauka yana rataye a falo, inda Kuroiwa ke wucewa kullum. Chinatsu ta shiga sakandare, ta bar gudu ta koma buga ganga, kuma aji shida ba ya zuwa sau biyu. Na lura dai idan tana magana yanzu, tsohon yakan kife wayarsa a tebur.

Babbar kyamarar tana nan. Yana ɗaukar wata da ita, hotunan kuwa tar-tar. Wata ai ba ya canja safa.

Darasi: Kayan aiki ba ya sauraro a madadinka, kuma tsadarsa ba ta maye gurbin kulawa. Kafin ka nemi abin da zai jawo maka na nesa, ɗago kai ka dubi wanda ke tsaye a gabanka yana maka magana, kuma kada ka raina mai ƙaramin abu da ya riga ka kulawa. Ku tura wa duk wanda kuka san ana masa magana yana cewa "to, to" idonsa na kan waya. Idan babu wanda ya faɗo muku a rai, ku binciki kanku.