Malam Sauƙi da Ƙunshin Tawul

Akwai wani malamin lissafi da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Malam Sauƙi, saboda ba ya gama bayani sai ya ce, "Ai sauƙi ne." Mutumin kirki ne, amma yana da saurin baki, kuma shi a ganinsa duk wanda bai gane lissafi ba, bai so ba ne.

Abin dariya, a gidansa aka sami wadda ba ta ganewa. Autarsa tana son shiga makarantar jinya, sau biyu lissafi yana kayar da ita a jarrabawar shiga. Saura mako uku ta yi ta uku, kuma ta riga ta faɗa wa kowa cewa in ta sake faɗuwa ta haƙura da karatun.

Wata Asabar da hantsi ya zaunar da ita a falo, ya rubuta mata 12x² + 18x. Ya ce ta nemo abu mafi girma da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai, ta fitar da shi gefe, ragowar ta sa a cikin baka.

Auta ta fitar da 2, ta rubuta 2(6x² + 9x), ta miƙa masa tana murmushi. Malam ya dafe kai. Ya ce sau nawa zai faɗa mata babba ake nema, kuma 'yan aji biyu ma sun wuce wannan wurin.

"Ai sauƙi ne, Auta. Ke dai ba ki sa kanki ba."

Auta ta miƙe. Ta ɗauki littafinta ta tafi wurin mahaifiyarta, wadda ke aiki a ɗakin wanki na wani otel.

Ɗaki ne mai zafi, injin wanki na ƙugi, ko'ina ƙamshin sabulu da guga. Mama ta ga idon 'yarta ya yi ja, ta gane daga inda aka fito. Ita makarantarta ba ta yi nisa ba, don haka ba ta ko dubi littafin ba, sai ta ce Auta ta zo ta taya ta aiki.

Ta tura mata tawul goma sha biyu da ƙananan sabulai goma sha takwas. Ta ce ta ƙunsa su kashi-kashi, kowane ƙunshi daidai da ɗan'uwansa, kada komai ya rage, kuma su isa ɗakuna da yawa iya yadda zai yiwu.

Auta ta raba biyu, ta ce ta gama.

"'Yar nan, leƙa cikin ƙunshin," in ji Mama. "Tawul shida, sabulu tara. Ba su ƙara rabuwa? Ni ba na ɗaurewa sai na duba ciki na ga ba sauran rabo."

Auta ta sake rabawa, ƙunshi ya zama shida, kowanne da tawul biyu da sabulu uku. Ta kalle su, sannan ta buɗe littafinta a kan teburin guga ta fitar da 6.

Mama ta leƙo, ta sa yatsa a kan x. Ta ce ita ba ta san sunan wannan abin ba, amma ga shi nan a dama, ga shi a hagu, me ya sa shi aka bar shi a ciki? Auta ta goge, ta rubuta 6x(2x + 3).

Ashe Malam yana bakin ƙofa. Zuciyarsa ce ta kasa kwanciya ya biyo sawun 'yarsa, kuma duk ya ji. Kunya ta kama shi sosai, domin shekara ashirin yana koyar da wannan darasi bai taɓa cewa ɗalibi ya leƙa cikin baka ya gani ko da saura ba.

Daga ranar ya rage sauri, yana tambayar Auta inda ta tsaya kafin ya fara bayani. Da sakamako ya fito, Auta ta ci.

Da yammacin ranar Malam ya ce shi zai naɗe wankin gida, Mama ta huta. Ya kama babban zanen gado yana juyawa, ya kama nan can ya zame, har ya naɗe kansa a ciki. Mama ta zuba masa ido tana danne dariya.

"Maman yara, yaya kike yi ne?"

"Ai sauƙi ne, Malam," in ji ta.

Shi ya fara fashewa da dariya, sannan ya miƙa mata gefe ɗaya ya ce ta nuna masa a hankali.

Darasi: Abin da ya zame maka sauƙi, wani yana kuka a kansa. Ka yi haƙuri da mai koyo, kuma kada ka raina ilimin da mutum ya samu a wurin aikinsa. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila akwai wata Auta a gidansu.