Masuncin da Ke Bakance da Gonar Matarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku gyara zama. Kai Ɗanliti, bar tsokanar ƙanwarka, ko in naɗe tabarmata in tafi da tatsuniyata.

Can a tekun Girka akwai wani ɗan tsibiri, Anemusa. Tsibiri dai ƙasa ce a tsakiyar ruwa, amma wannan dutse ne zalla. Mutanen wurin sukan ce wai da aka gama tankaɗe ƙasar duniya, tsakuwar da ta rage a rariya aka watsa cikin teku, a kanta suke zaune. Ba kogi, ba rijiya, sai ruwan sama da suke tarawa a rami. Garin ma a bisa tsauni suka maƙala shi tun zamanin 'yan fashin teku.

A nan wata mata take, sunanta Marigo. Da kwando ta yi gonarta. Ta tono ƙasa daga tsagar duwatsu, ta cuɗa da kashin awaki, ta jera katanga don kada ruwa ya kwashe, shekara da shekaru, har gashin tsakar kanta ya zube. Ta samu fegi uku: na sha'ir, na wake, da ɗan ƙarami mai ɓaure a gefe. Da su take ci da 'ya'yanta in sanyi ya zo teku ya hana su.

Mijinta Anesti masunci ne. Ba mugu ba ne, amma bakinsa na riga hankalinsa. Al'adar tsibirin kuwa, in teku ya tasam ma mutum ya yi bakance, to gari duka ne zai tsaya sai an cika. Masunta sun saba alkawarin gina ɗan coci, ɗakin ibadarsu na Kirista.

Ran nan guguwa ta rutsa da Anesti. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ubangiji, fitar da ni, in gina maka ɗaki a fegin sha'ir."

Sai ya fita. Sai magina suka zo da duwatsu. Marigo ta nufi wurin limamin coci, ranta a ɓace.

Ta ce, "Baba, ga tsauni nan fanko, ko akuya ba ta samun abin ci. A gina can mana."

Ya ce, "'Yata, inda ya ambata a cikin ruwa, nan za a gina."

Aka gina, aka shafe da farar ƙasa. Aka yi ta yabon Anesti, wai mai tsoron Allah. Marigo ta haɗiye, ta rage wa yara gurasa.

Wata shekara guguwa ta sake rutsawa da shi. Kun zaci ya yi hankali? Ina! Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ubangiji, fitar da ni, in gina maka ɗaki a fegin wake."

Sai ya fita. Sai magina suka zo. Wake na fure aka tumɓuke shi a gaban idonta. Ta tare Anesti a bakin ƙofa.

Ta ce, "Maigida, kwando nawa ka taɓa ɗauka zuwa gonar nan?"

Ya ce, "Da raina da wake, wanne kika fi so?"

Ta ce, "Ranka nake so. Amma me ya hana ka ba da naka?"

Ya ce, "Me gare ni? Ni talaka ne."

Ku ji fa. Talaka, ga jirginsa a ɗaure yana sheƙi da sabon fenti. Ni da nake ba ku labarin ma raina ya ɓaci. Sanyin shekarar nan yaran Marigo ganyen tsauni suka ci, autarta har wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Saura ɗan ƙaramin fegi. Marigo ta san in fegin nan ma ya tafi, yunwa ce za ta kwashe mata 'ya'ya. Sai ta koma wurin liman.

Ta ce, "Baba, in mutum biyu na cikin jirgi, bakancen wa ake cikawa?"

Ya ce, "Na wanda ya riga faɗa. Ya wadatar wa duk na ciki."

Ta ce, "Ko da mace ce?"

Ya ce, "Teku ba ya tambaya."

Daga ranar, duk fitar Anesti tana cikin jirgi. Ya hana, ta ƙi. Ya yi faɗa, ta yi kunnen ƙashi. Mata na gulma, ita ko tana can tana amai a gefen jirgi, don ba ta iya ruwa ba, tsoron teku ma take ji kamar ta mutu.

Ran nan da rana tsaka sama ta yi baƙi. Igiyar ruwa ta ɗaga jirgi ta maka. Anesti ya saki igiyar filafili, ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Sai Marigo ta toshe bakin da tafin hannunta.

Ta ce, "Ubangiji, fitar da mu, in ba ka jirgin nan ya zama rufin ɗakinka a ƙolin tsauni."

Sai suka fita. Masuntan da ke kusa sun ji, ba damar musu. Liman ya ce a cika. Gari duka ya fito da igiyoyi, aka ja jirgi har ƙolin tsauni, aka tada bango, aka kife jirgin a kai. Ɗan feginta na nan, ba wanda ya taɓa shi.

Anesti ya zauna a gindin bango yana shafa katako, hawaye na zuba.

Ya ce, "Jirgin ubana ne, Marigo. A cikinsa na girma."

Ta tsaya a kansa. Tausayinsa ya kama ta, amma fushin bai sake ta ba.

Ta ce, "Na sani. Haka na ji sau biyu, ba wanda ya tambaye ni. Tashi mu tafi, yara na jira."

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya. In za ku yi kyauta, ko ga Allah ne, ku yi da abin da guminku ya samo. Ku tashi haka nan.