Rumbu Ɗaya, Tiya Biyu

Akwai wani matashi a Matameye mai suna Abdulra'uf, gwanin ordinatar, wato kwamfuta. Gwani ne kam, ba ƙarya, sai dai kansa ya fi hularsa girma.

Shi ya ƙera wa ƙungiyar masu lambun rani manhajar waya da ake rubuta zuwan membobi taro. Abokiyar aikinsa Najaha kuwa ita ke fitar da rahoton da kwamiti ke yanke hukunci da shi. Dukansu biyu daga rumbun bayanai ɗaya suke ɗiba, can a intanet.

Ƙungiyar tana da doka: wanda ya ƙi zuwa taro sau uku a jere, za a karɓe filinsa a ba wani.

Tun farko Najaha ta ce masa, "Abdulra'uf, mu rubuta dokar nan wuri ɗaya cikin rumbun. Manhajarka ta ɗauka daga can, rahotona ma haka. In ta canza, gyara ɗaya ya wadatar."

Ya yi tsaki. "Ke dai rubuta taki. Ba na son a sa mini hannu a girki. In wani abu ya canza zan gaya miki."

To, rumbu ɗaya, kowa da tiyarsa!

Ana nan, kwamiti ya kira shi ya ce a ƙara sharaɗi: mace mai jego ko mai takaba, ba a ƙirga mata rashin zuwa. Ya gyara a manhajarsa nan take, har yana nuna wa mutane. Najaha fa? Ko a mafarki bai tuna da ita ba.

Cikin watannin nan kawunsa ya rasu. Matar kawun, Inna Batulu, wadda ta riƙe Abdulra'uf tun yana ƙarami, ta shiga takaba. A filinta akwai zogalen da marigayi ya dasa mata da hannunsa. Manhaja ta san tana takaba, amma rahoton Najaha yana nan kan tsohuwar doka, sai ya sa lambar filinta cikin waɗanda aka yi watsi da su. Kwamiti bai duba suna ba, ya ba wani sabon memba. Shi kuma ya sassare zogalen ya yi komayen albasa.

Ranar da Inna Batulu ta fita takaba, lambu ta fara zuwa. Ta tarar da kututture.

A taron da aka kira, shugaba Alhaji Shekara ya dubi Najaha. "Ke kika fitar da wannan rahoto?"

"Ni ce, Alhaji," ta ce, kanta a ƙasa. Ba ta ko kalli Abdulra'uf ba.

Wallahi wannan rufin asirin da ta yi masa ya fi mari zafi. Abdulra'uf ya miƙe tsaye.

"Alhaji, ba ita ba ce. Ta ce mu aje dokar wuri ɗaya, na ƙi. Da ta canza kuma ban gaya mata ba."

Aka mayar wa Inna filinta. Abdulra'uf da Najaha suka zuba dokar a cikin rumbu, kowa ya koma ɗiba da tiya ɗaya. Aikin ma bai kai wuni ba.

Da la'asar ya je gida, ya durƙusa gaban Inna Batulu, ya kasa ɗaga ido.

"Inna, ki gafarce ni."

"Tashi, ɗana, na yafe," ta ce. Ta miƙo masa wani busasshen reshe da ta tsinto a lambun. "Kai da ka iya gyara, wannan ma yana gyaruwa?"

Kuka kawai ya yi.

Darasi: Doka ɗaya, a aje ta wuri ɗaya, kowa ya ɗiba daga can. Girman kai a wurin aiki ba mai shi kaɗai yake ci ba, yakan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa abokan aikinku, musamman mai cewa "ba a taɓa mini nawa."