Duwatsun Gonar Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wani mutum ne wai shi Jatau, ubansa ya rasu ya bar masa gonar acca a kan tsauni. Layin duwatsu uku ne suka ratsa gonar, jerin kakanni. Shi kuwa Jatau akwai gaggawa, ga raina na gida. Ran nan ya sauka kasuwa, ya ga gonakin kwari a shimfiɗe, shanu na huɗa. Ya ce, "Ashe mu wahala muka gada!"

Sai ya sayo shanu biyu. Ya kama layin farko yana gangarar da duwatsu, don shanu su sami filin huɗa. Sai wani dutse ya ce, "Jatau, bar ni, riƙo nake yi."

Ya ce, "Riƙon me, kai da ba ka da hannu?" Ya tunkuɗa shi.

A gindin tsaunin akwai wata tsohuwa, Iya Dudu, gonarta fako ce, ko ƙaya ba ta tsirowa. Sai ta tsince duwatsun, ta jera su a gonarta.

Damina ta zo, ruwa ya sauko jajawur, accar Jatau ta ragu. Ya ce, "Iri ne marar kyau." Ya kama layi na biyu. Dutse ya ce, "Riƙo nake yi." Ya tunkuɗa shi.

Da damina ta sake zagayowa, acca ta koma rabi. Ya ce, "Shanun ne ragwaye." Ya kama layi na uku. Dutse ya ce, "Ni kaɗai na rage." Ya tunkuɗa shi.

Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, ba gona, sai falalen dutse. Jatau ya tsorata ƙwarai, don rumbunsa wayam ne, ga 'ya'ya huɗu.

Sai ya bi sawun ruwan. Ya tarar da ƙasarsa kwance bayan duwatsun Iya Dudu, acca har gwiwa.

Ya ce, "Iya, ƙasata na zo ɗauka."

Ta ce, "Ɗan nan, ni ban hau na ɗebo ba. Baƙuwa ce ta zo, na ba ta wurin zama. Amma ɗiba."

Ya cika kwando, ya hau, ya zuba. Aka yi ruwa. Da ya sauko, Iya ta ce, "Ai ta riga ka dawowa."

Ya ce, "To, ba ni duwatsun."

Ta ce, "Tambaye su."

Ya durƙusa ya roƙa, duwatsu suka yi gum.

Sai ya sayar da shanun, suka ci. Da safe ya fasa sabon dutse ya jera a tsauni, da yamma ya sauko ƙodago wurin Iya, a ba shi mudun acca. Shekara bakwai yana noma ƙasar ubansa a gonar wata.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ku ji nan, yara: abin da kuka tarar a jere, ku tambayi dalili kafin ku rushe.