Ƙyauren Jatau

An ce wai a wani gari an yi wata tsohuwa, Tabawa, wadda mijinta Jatau ya rasu bai bar mata wani abin a zo a gani ba sai ƙyauren ɗakinsa. Ƙyaure ne na maɗaci, hayaƙi da shekaru sun mai da shi baƙi ƙirin, kuma daidai inda ake turawa akwai ɗan kwarmi da tafin hannun Jatau ya ci. Duk sanda kewa ta taso mata, nan take ɗora hannunta.

Wata damina ta tsaga gefen ƙyauren, sai ta kira Nomau masassaƙi ya gyara. Nomau kuwa irin mutanen nan ne da in ka ce su share ƙofar gidanka sai sun haɗa da ta maƙwabta. Ya cire ƙyauren ya kai rumfarsa, ya toshe tsagar, sannan ya bi ƙyauren da dutse da yashi ya goge baƙin nan tas, ya shafe shi da man kaɗanya. Ya kawo shi jawur yana sheƙi, ya kafa, ya tsaya jiran a sa masa albarka.

Tabawa ta duba sama ta duba ƙasa, ta lalubi kwarmin ba ta ji shi ba. Ta tuna an ga wani bafatake yana zarya a rumfar Nomau. Daga nan komai ya zame mata shaida, murmushinsa, sabuwar hularsa, har saurin da ya yi wajen kafawa. Ta ƙi ko taɓa ƙyauren, ta wuce gaban Alƙali Sambo.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, Nomau ya sayar da ƙyauren mijina, ya kawo mini na banza."

Nomau ya ce, "Wallahi, Iya, shi ne! Dauɗa kawai na cire."

Ta ce, "Hannun mijin nawa ne dauɗa?"

A dokar garin, masassaƙin da ya ci amana karɓe gizagonsa ake yi a kore shi. Alƙali bai yarda da rantsuwar Nomau ba, bai kuma yarda da idon tsohuwa ba. Ya ce a tafi gidan.

Suka isa, ya zauna a tabarma, ya sa muhutinsa, wato mataimakinsa, ya rufe ƙyauren sannan ya buɗe. Muhuti ya rufe, ya tura zai buɗe, ƙyaure ya cije. Ya sa kafaɗa, ko motsi. Alƙali ya ja Tabawa da hirar damina da ta gero har hankalinta ya bar kan ƙyaure, sai ya yi kamar tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Iya, ruwa!"

Randar tana cikin ɗakin. Tabawa ta zabura, ta cusa babban yatsan ƙafarta ƙarƙashin ƙyauren ta ɗan ɗaga shi, ta dafa gefen hagu, ya buɗe salin alin. Sai da ta fito da moɗa ta ga kowa ita yake kallo.

Alƙali ya ce, "Wa ya koya miki buɗe baƙon ƙyaure haka? Sabon itace ba ya zuwa da tsohuwar karkata. Idonki ya musanta shi, ƙafarki ta shaide shi. Nomau ba ɓarawo ba ne." Ya juya ga masassaƙi ya ce, "Amma kai ma ka ɗauke mata abin da ba ka iya mayarwa. An ce ka toshe tsaga, ba a ce ka goge mutum ba. Ka nemi gafararta, kuma daga yau ka riƙa tambaya kafin ka goge."

Nomau ya durƙusa ya nemi gafararta. Tabawa ta ɗora tafinta inda kwarmin yake a da, ta ji wurin sumul, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Ni ma yafe mini, ɗan nan. Jatau shekara da shekaru ya yi yana cin wurin nan. Ni ba ni da sauran shekarun."

Masu hankali suka ce, kada ka yanke wa mutum hukunci don abu ya sake kama, kuma kada ka kira tabo dauɗa sai ka tambayi mai shi.