Barmo da Ruɓaɓɓen Kututture

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wani mutum ne wai shi Barmo. Ubansa maharbi ya mutu, ya bar masa baka da kibau uku. Shi Barmo 'yarsa ɗaya tilo, Lanti. Sai Damisa ta aiko wai ranar kasuwa Lanti za ta ɗauka.

Barmo kuwa ko ƙadangare bai taɓa harbi ba. Ya shiga daji koyo. Wani ruɓaɓɓen kututture ya ce, "Ɗan maharbi, harbe ni. Na riga na mutu, jikina laushi, kibiya ta shiga ta fito lafiya. A kaina ubanka ya koya."

Dila na gefe, shi ne mai cin ragowar Damisa. Ya ce, "Haba Barmo! Namiji kamarka da ruɓaɓɓe? Ga iccen kirya can!"

Sakarai, kansa ya kumbura. Ya harbi kirya. Ƙwas! Tsini ya lanƙwashe.

Kututture ya ce, "Saura biyu. Harbe ni."

Dila ya ce, "Tsautsayi ne. Ga tsamiya!"

Ya harbi tsamiya, kibiya ta nutse. Tsamiya ta ce, "Abin da ya shiga jikina nawa ne." Ya ja, ya ja, kibiya ta karye.

Kututture ya ce, "Saura ɗaya, ɗan nan. Ka tuna Lanti."

Ina! Kunnen ƙashi. Ya harbi kanya, ya zare kibiya da ƙyar.

Kututture ya ce, "Duba sandarta, ta tsage."

Dila ya ce, "Garau take! Baƙin ciki yake maka."

Ranar kasuwa, rana tsaka, sai ga Damisa a ƙofar gida. Ta cafke Lanti.

"Baba, harbe ta! Baba!"

Barmo ya ɗana, ya ja tsarkiya, ya saki. Ɓalas! Kibiya ta rabe biyu, ta faɗi gaban ƙafarsa. Wayyo, har yau abin nan yana ci mini rai. Damisa ta shige daji da yarinya, Dila na biye yana lashe baki.

Barmo ya je gaban kututture yana kuka. "Ga ni, na yarda. Zan koya a kanka."

Kututture ya ce, "Da wace kibiyar?"

Shi ya sa har gobe maharbi a ruɓaɓɓe yake koyo, ya bar ɗanyen icce da girman kai.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ku tashi, kada in ji mai kuka.