Ladingo a Lambun Aljana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata tsohuwa ce, Iya Yalwa, da jikarta Ladingo. Su biyu ke nan a gida, sai akuya. Yarinyar nan gajeruwa ce dagwas, ga yatsu ɓul-ɓul, ga wushirya, ga lalle a ƙafa kullum. Aibinta ɗaya, barci. Zakara ya yi cara, tana barci. Mata su dawo daga rijiya, tana barci. Sai hantsi ya ɗaga, sannan ta buɗe ido ɗaya. Iya ta yi faɗa har ta gaji, amma duk duniya ba ta da abin so kamar yarinyar nan.

Kun san dai ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, don mutanen ɓoye su kauce da 'ya'yansu. To, ran nan Ladingo ta tashi da magagin barci, ta ɗauki ruwan dafa rogo ta watsa bayan ɗaki, ko uffan ba ta ce ba. Ashe ɗan wata aljana na wasa a wurin, ya ƙone a ƙafa. Uwarsa ta taso cikin guguwa, ta sure Ladingo, ta kai ta lambunta a bayan dutse, ta mai da ita fure.

Akuya ce ta ga komai, ta gaya wa Iya. Iya ba ta zauna kuka ba. Ta ɗauki sanda da man kaɗanya a ƙoƙo, ta kama hanya da ciwon gwiwarta. Tana tafiya, tana hutawa, tana tafiya, tana hutawa, har ta isa da sassafe.

Ta yi sallama, ta tambayi mai jiki, ta shafa masa man, ta ba uwarsa haƙuri. Aljana ta ɗan sauko, amma ba duka ba. Ta ce jikarta na cikin lambu, ta zaɓa sau ɗaya tak. In ta dace, ta tafi da ita. In ta kuskure, yarinya ta zama fure har abada.

Aka kai ta wurin dogayen furanni masu rangaji. Iya ta ɗaga kai ta dube su, ta ce tata ba ta kai nan ba, ko tuwo take ci dare da rana.

Aka kai ta wurin masu ƙamshi. Iya ta shaƙa, ta yi murmushi, ta ce tata sai an kama ta ake mata wanka.

Aka kai ta can ƙarshen lambu, inda wasu ƙanana suka shimfiɗu a ƙasa, ba su wuce idon sawu ba. Iya ta durƙusa da ƙyar. Ta shafa kara, ja ne kamar ƙafar da ta sha lalle. Ta shafa ganye, ɓul-ɓul, cike da ruwa. Irin nan ne, ba shakka, amma sun fi a ƙirga, kuma duk a rufe suke, wannan kamar wancan. Tsoro ya kama ta, ta ji da ma idonta na ƙuruciya ne.

Aljana ta ce ta yi sauri. Iya ta ce tsohuwa ba ta sauri, ta miƙe ƙafa ta zauna.

Rana ta taso. Wannan ya buɗe, wancan ya buɗe, ja da fari da ruwan ɗorawa, lambu ya cika. Saura ɗaya a gefe, ya dunƙule abinsa. Iya ta sunkuya ta ce a hankali, “Ke, ƙawata, kowa ya tashi.”

Sai kunnen furen ɗaya ya buɗe, sauran suka biyo baya. Kowane kunne da 'yar tsaga a bakinsa, wushirya sak.

Aljana ta ce, “Kin gane ta. Tsinke abinki ki tafi.”

Iya ta ce, “Tun da aka haife ta ko kunnenta ban taɓa ja ba. Yau zan fizge ta?”

Ta sa yatsu ta tona ƙasa kewaye da shi, ta ɗago shi da saiwarsa da ƙasarsa, ta ɗora a cinya. Aljana ta kau da kai tana share hawaye, don ta san da an tsinke, wuyan yarinya ne zai tafi. Ta hura iska, sai ga Ladingo a cinyar kakarta, gashi duk ƙasa.

Ladingo ta nemi gafarar ɗan aljana da uwarsa, suka yafe. Da za a tafi, ƙafafunta suka ƙi tsayuwa, sun saba da zama cikin ƙasa. Iya ta jefar da sanda, ta kwance mayafi, ta goya ta.

A hanya Ladingo ta ce, “Iya, sauke ni, na yi miki nauyi.”

Iya ta ce, “Yi shiru. Jiya da ba kya nan ne na ji nauyi.”

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare a nan. Ku riƙa yin bisimilla kafin ku zubar da ruwan zafi. Kuma ku sani, mai ƙaunarku ya san ku har da aibinku, kuma da shi zai gane ku a cikin dubu.